Manɗiƙi a Ƙasar Hausa: Daga Gardamar Magili da Suyuɗi Zuwa Wa'azin Shehu a Zamfara

Duk wanda ya yi karatun zaure a Moriki ya san jerin da ake bi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala. Haka ake yi a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, haka kuma a Kano da Maraɗi. Mai Ahalari, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskara ne a ƙasar Aljeriya ta yau, kuma yana da wani ɗan littafi da ya yi suna a duniyar Musulmi ba ƙasa da na tsarki da sallar da muka sani ba. Sunansa Sullam. Waƙe ne da bai kai baiti 150 ba, ya tsara shi a shekarar 941 ta Hijira, wajen 1535, yana ɗan shekara 21. Fanninsa manɗiƙi, wato ilimin auna magana da hujja. Hannun da ya koya mana farillan alwala, shi ne ya rubuta yadda ake gane hujja lafiyayya da mai ciwo.

Fannin ya raba sani gida biyu. Akwai tasawwuri, wato ka gane mene ne abu ba tare da ka yanke masa hukunci ba, akwai kuma tasdiƙi, wato ka ce abu kaza haka yake ko ba haka yake ba. Ana isa ga na farko ta hanyar haddi, bayanin da zai tattaro duk abin da ake nufi ya kuma hana baƙo shiga. Ana isa ga na biyu ta hanyar ƙiyasi. Ka ce duk abin da ke sa maye haramun ne, ka ce burkutu na sa maye, to ko ka so ko ka ƙi natija ta fito: burkutu haramun ne. Amma ka ce duk Bazamfare na jin Hausa, wannan baƙon kuma na jin Hausa, saboda haka Bazamfare ne, ka yi ɓarna, ko da kuwa an bincika an tarar mutumin Zurmi ne, domin siffar hujjar ce ta karye. Aikin manɗiƙi kamar na mudu ne a kasuwar Shinkafi: ba ya ƙara gero, ba ya kuma raba mai kyau da mai tsakuwa, iyakarsa ya hana a tauye awo. Wanda ya zuba ƙarya a muƙaddima, wato maganganun da aka gina hujja a kansu, ba shi da tabbacin kwasar gaskiya a natija.

Tun a farkon Sullam, al-Akhdari ya faɗi cewa malamai sun rabu uku kan halaccin karanta fannin. Ibn Salah da Nawawi sun haramta. Wasu sun ce lallai a san shi. Shi kuwa ya zaɓi tsakiya: ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya zauna da gindinsa a Alƙur'ani da Sunna. Wannan saɓani ya girme shi da ƙarnoni. Arisɗo, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara ƙa'idojin ƙiyasi a ƙasar Girka. Aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa su, sannan Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shigar da fannin cikin ilimin addini har ya buɗe littafinsa na usulu, al-Mustasfa, da muƙaddima a kansa. Ibn Salah ya mayar da martani da fatawar haramci, Ibn Taimiyya kuma ya rubuta littafi sukutum yana rushe ginshiƙan fannin ɗaya bayan ɗaya.

Gardamar ta iso mana ta hannun mutum biyu da ƙasar Hausa ta san su farin sani. Na farko Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya baro Tuwat ya ratso Abzin ya sauka Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya rubuta wa Rumfa nasiha kan sha'anin mulki, ya zauna Katsina, daga baya ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu. An fi tuna shi da siyasar shari'a, alhali malamin manɗiƙi ne na gaske, yana da waƙe a fannin mai suna Minah al-Wahhab. Na biyu Jalaluddin Suyuɗi na Misira, wanda ake jan tafsirin Jalalaini da ya kammala a masallatanmu duk watan azumi, wanda kuma ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina. Suyuɗi ya ba da labarin kansa cewa ya ɗan taɓa manɗiƙi a farkon karatunsa, sai ya ji zuciyarsa ta ƙi shi, ya kuma ji fatawar Ibn Salah, ya bar shi, Allah ya musanya masa da ilimin hadisi. Daga baya ya wallafa littattafai kan haramcinsa.

Da labari ya kai ga Magili, sai ya aika masa da wasiƙa a waƙe. Ahmad Baba na Tumbutu ya adana mana ita tare da amsarta a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, Nail al-Ibtihaj. Hujjar Magili ita ce, manɗiƙi hanya ce kawai ta bayyana gaskiya da tabbatar da ita, in akwai kuskure a cikinsa a nuna wurin kuskuren, kuma ana gane mutane ne da gaskiya, ba a gane gaskiya da mutane, don haka ko daga bakin kafiri ta fito a karɓa. Suyuɗi ya amsa da waƙe mai amsa-amo iri ɗaya, cikin girmamawa. Ya ce shi nassi ya bi, ya kuma kawo labarin lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin jin daɗi da ya ga Sayyidina Umar da wani rubutu daga Attaura. A ganina Magili ya fi kusa da daidai, domin Attaura littafi ne mai ɗauke da hukunce-hukunce da labarai, manɗiƙi kuwa ba ya ɗauke da aƙida ko ɗaya. Har shi Suyuɗi, da ya ce ilimin kafirai abin hani ne, manɗiƙi kuma ilimin kafirai ne, saboda haka abin hani ne, ƙiyasi ya ƙulla irin wanda ake koyarwa a fannin. Amma tsoronsa ba na banza ba ne, tarihin da ya biyo baya ya nuna haka.

Su biyun sun rasu kusan lokaci ɗaya, Magili wajen 1504, Suyuɗi a 1505, kuma ƙasarmu ba ta yar da ko ɗaya ba. A Tumbutu, Ahmad Baba ya karanta waƙen manɗiƙin Magili a wajen malaminsa Muhammadu Bagayogo. Sai dai babbar ƙofar da fannin ya bi ya shiga gidajen talakawa ita ce tauhidi, ta littattafan wani ɗan Tilimsan ɗin, Shehu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 1490. Ƙaramar aƙidarsa, Ummul Barahin, ta fara da raba hukuncin hankali uku: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Tsohuwar da ke lissafa siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah da kishiyoyinsu da suka koru gare shi, da waɗannan ma'aunai take magana ko ba ta taɓa jin sunan fannin ba.

A nan ne kuma ɗalibi ke fara cin karo da abubuwa biyu masu juya kai, dauru da tasalsuli. Hujjar tana tafiya kamar haka. Duniya fararriya ce, domin ba ta rabuwa da halaye masu zuwa su wuce kamar motsi da tsayawa. Duk fararre yana bukatar wanda ya fare shi. To in shi ma mai farin fararre ne, wa ya fare shi? In ka ce wancan na farkon, ka yi dauru: kowannensu ya riga ɗan'uwansa kuma ya biyo bayansa, wannan kuwa mustahili ne. In ka ce wani na uku, shi ma wani na huɗu, har ba iyaka, ka yi tasalsuli, layin da ba shi da farko ba zai taɓa isowa yau ba. Sai ya rage dole a tsaya ga Wanda ba shi da farko.

Ƙasar Hausa ba ta tsaya ga karɓa kawai ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, ya yi karatu a nan gida da wajen malaman Barno da Bagarmi, ya tafi aikin hajji, ya zauna Alƙahira har ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Misira, ya lissafa ayyukansa. Bayan littattafansa na lissafi da hatimai, ya ambaci waƙen manɗiƙi mai suna Manh al-Ƙuddus, da wani ƙaton sharhi da shi da kansa ya yi masa, Izalat al-Ubus. Bakatsine ke nan yana wallafa manɗiƙi aƙalla shekaru 13 kafin a haifi Shehu Usmanu.

Ɗaya daga malaman al-Kashnawi shi ne Muhammadu al-Wali na Bagarmi, wanda a ƙarshen ƙarni na 17 ya mayar da sharhin ƙaramar aƙidar Sanusi daga Fulatanci zuwa Larabci, ya kira shi al-Manhaj al-Farid. Wannan karatu na tauhidi da Fulatanci shi ake kira Kabbe. Niyyarsa kyakkyawa ce, a san Allah da hujja. Amma Sanusi ya tsananta a kan taƙlidi, wato mutum ya yi imani don ya ji ana faɗa, sai wasu ɗalibai suka ɗauki tsananin suka kai shi inda ba a aike su ba. Ƙiyasinsu ga shi: wanda bai san hujjar tauhidi dalla-dalla ba mai taƙlidi ne, mai taƙlidi kuma ba shi da imani, saboda haka manomi da makiyayi da matar gida da ba su iya jero hujjojin ba kafirai ne. Suka riƙa titsiye jama'a da tambayoyi. Irin wannan fitina ta taɓa tashi a Sijilmasa ta Maroko, inda malam Hasan al-Yusi, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin yadda har aka kai ga ƙin cin yankan talakawa. Al-Yusi kansa gwanin manɗiƙi ne, kuma shi ya tsaya ya yaƙi masu wannan ra'ayi.

Yanzu a dubi Zamfara ta wancan zamani. Gobirawa a ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara, can kusa da Isa, a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara ya watse. A cikin wannan ƙasa mai rauni Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo da wa'azi a ƙarshen shekarun 1780, ya yi kimanin shekara 5, ya zauna a Faru, yana yi wa jama'a magana da Hausa da Fulatanci. Ƙanensa Abdullahi, a Tazyin al-Waraƙat, ya bayyana ƙasar a matsayin wadda jahilci ya yi wa katutu. Maza da mata suka yi ta tururuwa, har wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki cakuɗuwar, Abdullahi ya ba shi amsa da cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Da Shehu ya auna waɗannan mutane da ƙiyasin masu titsiye, da babu wanda zai tsira a cikinsu, da kuma babu jama'ar da za a gina.

Shehu ya san littattafan Sanusi, shi ya karantar da Abdullahi su. Bai ce a ƙona su ba. Abin da ya yi shi ne ya kama muƙaddimomin ƙiyasin nasu ya karya su. Ya nuna cewa Manzon Allah da sahabbansa sun karɓi Musuluncin mutanen ƙauye da kalmar shahada ba tare da jarrabawa ba, cewa hukuncin duniya a kan zahiri yake, zukata kuwa na Allah ne, kuma hujja a dunƙule ta wadatar: wanda ya dubi sama da ƙasa ya san suna da Mahalicci ya fita daga makauniyar biyayya ko bai iya tsara maganar ba. Ya kafa hujja da maganganun al-Yusi da na Gazali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙ al-Maisur cewa mahaifinsa ya yi wallafe-wallafe wajen 50 a kan waɗannan mutane. Hisn al-Afham da Nasa'ih al-Umma suna cikin waɗanda suka taɓo batun.

Akwai kuma wani rauni a ƙiyasin nasu da ya isa ya rushe shi ko ba a kawo nassi ba. Ɗalibin da ya haddace hujjojin daga bakin malaminsa, ya yarda da su don malam ya faɗa, shi ma taƙlidi yake yi, sai dai nasa ya fi tsawo. Ita kanta ƙa'idar cewa mai taƙlidi ba shi da imani, a ina ya samo ta? Daga malam. Ashe hukuncin da ya yanke wa manomi ya hau kansa tun kafin ya kai ga manomin.

Maganar da ke juyowa ta ci kanta tsohuwar matsala ce a fannin, kuma mafi wuyarta ita ce ta maƙaryaci. Mutum ya ce: wannan maganar da nake yi yanzu ƙarya ce. In gaskiya ya faɗa, to ƙarya ce kamar yadda ya ce. In ƙarya ce, to ya faɗi daidai, ta zama gaskiya. Girkawa sun san ta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Abhari, mai littafin Isaguji, da Nasiruddin Ɗusi sun yi fama da ita a ƙarni na 13. Taftazani, wanda ya rasu a 1390, ya kawo ta a Sharh al-Maƙasid, ya gwada warwarewa, sannan ya amsa cewa ta gagara. Wajen shekara 100 bayansa, Dawwani da Dashtaki suka yi ta musayar risaloli a kanta a Shiraz. A 1902 Bertrand Russell na Ingila ya rubuta wa Gottlob Frege na Jamus wasiƙa da 'yar'uwar wannan matsala, wadda ta girgiza ginin da Frege ya yi shekaru yana yi wa lissafi. Misalinta, a ce za a rubuta fihirisa mai lissafa duk littattafan da ba su ambaci sunan kansu ba: in ta sa sunanta ta saɓa sharaɗi, in ba ta sa ba ta bar ɗaya a baya. A 1931 Kurt Gödel ya mayar da wannan ciwo magani, ya tabbatar da cewa duk tsarin ƙa'idojin lissafi mai ƙarfi wanda ba ya karo da kansa, akwai maganganu a cikinsa da ba zai iya tabbatarwa ko korewa ba. A kan wannan turba Alan Turing ya bi a 1936 ya zana tunanin da kwamfuta ta ginu a kai.

Mu koma gida. Tambayar mene ne haddin kafirci ba ta bar jama'ar Shehu ba. Malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya tafi a kan kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce cikin ladabi. Bayan an yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka ci Alƙalawa a 1808 da taimakon Alibawan gabashin Zamfara a ƙarƙashin Namoda, yaƙi kuma ya kai Barno, sai tambayar ta dawo daga bakin Shehu Laminu al-Kanemi. Wasiƙunsa na cikin Infaƙ al-Maisur, wanda Bello ya kammala a 1812. Al-Kanemi ya yi amfani da ƙiyasin da ake kore sharaɗi ta hanyar kore sakamakonsa: in saɓo na kafirta ƙasa, to Misira da Sham da sauran biranen Musulmi duk sun kafirta, domin babu wadda ta kuɓuta daga saɓo, ba wanda ke cewa sun kafirta, saboda haka saɓo ba ya kafirta Barno. Siffar hujjar ba ta da aibi, kuma Bello bai musa ta ba. Ya amsa cewa su ma ba su kafirta kowa da saɓo, dalilinsu shi ne taimakon da Barno ta ba sarakunan Hausa a kan jama'a, da al'adun yanka ga itatuwa da duwatsu da aka ba su labari. Wato rigimar ta tashi daga ƙa'ida ta koma kan abin da ya faru a ƙasa, inda manɗiƙi ba shi da ta cewa sai shaida. Abin yabo ne cewa Bello ya kwafe hujjojin abokin gardamarsa da ƙarfinsu ya sa a littafinsa, shi ya sa har yau mai karatu ke iya auna su da kansa.

Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Hadiza, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, shi ya kai ilimin hankali ƙololuwa a daular. Ya yi rubutu kan falsafa da tasawwufi da tarihi, yana karantarwa a Salame. Baturen Jamus Heinrich Barth ya gana da shi a 1853, ya sa shi a sahun gaba na masanan ƙasar. Shekara guda kafin nan Barth ya haɗu a Masenya ta Bagarmi da wani makahon malami Bafulatani, Faki Sambo, wanda ya san ayyukan Arisɗo da Aflaɗon a Larabce. Duk da zurfin Ɗan Tafa a waɗannan fannoni, cikin alkawuran da ya rubuta ya ɗaukar wa kansa akwai cewa zai gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani. Matsayin kakansa ke nan, kuma shi ne sharaɗin da al-Akhdari ya gindaya. A ƙarshen ƙarni na 19 sojojin Faransa suka ƙone Salame, aka yi asarar littattafai masu yawa.

Yau ɗalibin kimiyyar kwamfuta a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda yana koyon teburin gaskiya da ƙarya da Turanci, yana zaton fannin baƙo ne da ya zo tare da jirgin ƙasan da ya iso garin a 1929. Ɗalibin zaure kuma sau da yawa yana wuce Sullam, ko don an ce masa haramun ne ba tare da an gaya masa cewa Magili ya ba da amsa ba. Kowannensu an tauye masa gadonsa, a lokacin da ake kafirta mutane a wayar hannu da hujjojin da ba su kai na masu titsiyen zamanin Shehu ƙarfi ba.

Rashin tsaron da ya addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Moriki ya tashi garuruwa da dama, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Ina roƙon iyalan malamai da ke da tsofaffin takardu a adaka da tukwane, ko na tauhidi ne ko na manɗiƙi ko na fiƙihu, su tuntuɓi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna domin a ɗauki hotonsu, asalin kuma ya zauna a hannun masu shi. Ina kuma roƙon malamanmu na zaure da suka karanci Sullam su zaɓi ko da ɗalibai kaɗan ne cikin waɗanda suka yi nisa a Risala su biya musu shi.